Yadda na sa ɓawon dankali ya auna mini haidirojin

Wata biyar na yi ina jiran 'yar kwalbar nan. Da ta iso ba ta kai tsawon ɗan yatsana ba, a gindinta ɗan gari mai ruwan ƙasa wanda in aka yi atishawa kusa da shi sai dai a yi salati. Kuɗinta, da aka juya shi zuwa naira aka ɗora na dako, ya cinye fiye da rabin abin da na tanada don aikin digirina na biyu. Sunan garin faroksidas. Inzayim ne, wato irin sinadaran da jikin mai rai ke ƙerawa don su hanzarta masa aiki, kuma an tato shi ne daga saiwar wani tsiron ƙasashen sanyi da Turawa ke kira hosradish, mai yajin da ke hawa hanci. Da shi na yi niyyar haɗa 'yar sandar awo da za a tsoma a ruwa ko madara ta faɗi yawan haidirojin faroksaid da ke ciki.

A kwana biyu na kashe shi, da hannuna. Ɗoki ya sa na narkar da shi duka lokaci guda maimakon in riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan, kuma a cikin wani ruwan fosfet, ruwan gishirin da ke daidaita tsami a gwaji, da na tarar a kan kanta, wanda wani ɗalibi da ya riga mu gamawa ya haɗa ya bari. Rubutun jikin kwalbar ya koɗe. Abin da ban karanto ba shi ne an zuba wa ruwan sodiyam azaid don kada ya yi funfuna. Azaid kuwa da faroksidas ba sa ga-maciji: zuwa yake ya maƙale a kan ƙwayar ƙarfen da ke tsakiyar inzayim ɗin, daidai inda aikin ke gudana. Na gwada, na sake gwadawa, ko gezau.

Na shiga ofishin Malam, mai duba aikina, da kwalbar a hannu, na riga na shirya shan faɗa. Ya saurare ni har na kai aya, ya ɗaga kwalbar ya dube ta a hasken taga, ya ajiye.

"Allah ya mayar da alheri. Nawa ya rage miki?"

"Ranka ya daɗe, bai isa a sake sayo wani ba."

"Ban ce ki sake saye ba. Su wannan ɗin daga ina suka samo shi?"

"Daga saiwar tsiro."

"To mu tsiro ne ba mu da shi? Gobe ki tafi kasuwar Yankaba."

Na ɗauka gatse yake yi mini, sai da ya jawo durowa ya miƙo mini wasu tsofaffin takardu ya ce in karanta kafin in kwanta.

Ashe tsohuwar hanya ce. Tun 1962 Leland Clark da Champ Lyons a Amurka suka kawo dabarar haɗa inzayim da sandar awon lantarki, wadda daga zuriyarta na'urar awon sukari ta masu ciwon suga ta fito. A 1981 ɗakin binciken Garry Rechnitz ya tsallake wahalar tace inzayim gaba ɗaya, suka yanko siririn yankin wata irin kabewa suka manna a bakin sanda suka auna gulutamet, sinadarin farin magi, da shi. A 1985 suka yi da ayaba don auna dofamin, wani sinadarin kai saƙo a ƙwaƙwalwa. Sai a 1988 Joseph Wang, a jihar New Mexico, ya ce maimakon a manna yanki a waje, a kwaɓa naman tsiron cikin garin girafait da mai, kwaɓin da Ralph Adams ya ƙirƙiro tun 1958. Da aka yi haka amsa ta riƙa fitowa cikin daƙiƙoƙi. Hujjarsu mai sauƙi ce: inzayim ɗin da aka bari a gidansa na asali ya fi daɗewa da rai a kan wanda aka raba da danginsa aka zuba a kwalba, ga kuma araha. Abin da takardun ba su nanata ba, wanda na koya a wata bakwai masu zuwa, shi ne in ka ɗauko shi da gidansa, ka ɗauko har da 'yan gidan.

Shi haidirojin faroksaid, ko haidirojin a taƙaice, kowa ya san shi, shi ne ruwan nan na kyamis da ake zuba wa ciwo ya yi kumfa, kashi 3 ko 6 cikin ɗari. Wani Bafaranshe, Louis Jacques Thénard, ya gano shi a 1818. Ana auna shi ne saboda yana shiga wuraren da bai kamata ya zauna ba. Da shi ake wanke kwalayen madara da lemo masu daɗewa ba firji kafin a ɗura, har hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta iyakance ragowarsa a rabin kashi ɗaya cikin miliyan. Akwai kuma masu zuba shi a ɗanyar madara don kada ta yi tsami a hanya. A Brazil an bankaɗo irin wannan a 2007, har da soda a ciki. Ba zargin masu nonon garinmu na tashi yi ba. Abin awo nake nema wanda ba sai an jira jirgi ya kawo shi ba.

A Yankaba na yi cefanen da ya ba mai kaya dariya: dankalin Hausa ja guda uku, fari guda uku, dankalin Turawa biyu, rabin kabeji, karas, gurji, yankin kabewa, albasa ɗaya.

"Hajiya, wannan miyar me za a yi?"

"Ta makaranta ce, Malam."

Ya ƙara mini gyaran dankali ɗaya ya ce Allah ya ba da sa'a. Daga gida kuma na tono saiwar zogale, don na ji Turawa na kiran zogale bishiyar hosradish, na zaci 'yan ɗaki ɗaya ne. Yajin saiwar ne kawai ya jawo masa sunan, dangantakar ta nesa ce.

Gwajin farko bai buƙaci lantarki ba. Na jera yanka-yankan a kan farin tayil, kowanne na ɗiga masa guwayakol, wani ruwa mai warin hayaƙi kamar na kifi banda, sannan ɗigon haidirojin mai rauni. Inda akwai faroksidas wurin yakan rine ya koma ja mai duhu. Albasa ta yi kamar ba da ita ake ba. Karas launinsa ya rufe komai, ban iya tantancewa ba. Kabeji da saiwar zogale sun rine a hankali. Jan dankalin Hausa kuwa, lawur ko kudaku kamar yadda kakata ke kiransa, kafin in ajiye abin ɗigawa ya yi jawur, kuma ba ko'ina ba: wani zobe ne ya fito a gefe, a ɓawo da abin da ke ƙarƙashinsa, tsakiyar ta biyo baya a makare. Na tsaya ina kallon zoben nan. Shekara nawa ina feraye wannan ɓangaren ina zuba wa awaki. Daga baya na ga ba ni na fara ba, masu bincike a São Carlos ta Brazil sun yi sandar awo da dankalin nan wajen shekarar 2000, suka auna haidirokwinon, sinadarin man bilicin.

Amma na lura da wani abu da ya rage mini murna. Duk inda ɗigon ya sauka sai ƙananan kumfa su taso, a kan dankalin Turawa har tsiiii nake ji. Wannan aikin katalas ne, wani inzayim ɗin dabam, shi ne kuma ke sa ciwo kumfa. Shi ma haidirojin yake ci, sai dai ya fasa shi ya koma ruwa da iskar oksijin ba tare da ya bar wata shaida da lantarki zai ƙirga ba. Ɓarawon cikin gida ke nan: duk abin da ya cinye kafin ya isa ga faroksidas ya fita daga lissafi. Ga kuma na uku, wanda ke sa dankali ya yi baƙi in an yanka an bari a iska, shi ya sa Malam ya hana ni sa duk wani sinadari na dangin katikol, abincin wannan inzayim ɗin, a cikin haɗin.

Wanda ya fitar da ni shi ne dattijon ma'aikacin ɗakin gwaje-gwajenmu, da kowa ke kira Baba. Ya tarar da ni na yi tagumi a gaban tayil.

"'Yata, wane ne ya fi jure wuta a cikinsu?"

"Ban sani ba, Baba."

"Masu daskarar da kayan lambu a masana'anta, in sun tsoma su a ruwan zafi, faroksidas suke gwadawa su ga ko ya mutu, don yana cikin masu mutuwa a ƙarshe. In shi ya mutu, sauran sun daɗe da tafiya. To ke juya maganar."

Na juya ta. Na kankare ɓawon sirara-sirara, na zuba a bututun gwaji da ɗan ruwan fosfet wanda a wannan karon ni na haɗa shi, na tsoma a ruwa mai zafin digiri 65, sannan na cire na dulmuya a ruwan ƙanƙarar da na sayo a bakin ƙofar makaranta. Na yi na minti 2, na 3, na 5, na 10. Na minti 10 sitacinsa ya dahu ya yi danƙo kamar talge, launin ma ya yi rauni. Na minti 2 kumfa na nan. A minti 3 kumfar ta koma 'yar tsiraru, jan launi kuma bai fasa fitowa ba. A nan na tsaya.

Kwaɓin farko da ɗanyen ɓawo na yi shi, saboda gaggawa. Yana shiga ruwa ya kumbura ya fara marmashewa, baƙin gari na yawo a cikin bika, kofin gilashin gwaji. Dole a busar. Ba a rana ba, a inuwa, kuma Allah ya taimake ni lokacin hunturu ne, iska a bushe take. Na shanya a kan takardar tacewa kwana ɗaya, na ƙarasa a cikin tukunyar gilashi mai murfi da ƙwayoyin silika masu shan laima, waɗanda ke komawa ruwan hoda daga shuɗi in sun ƙoshi. Na daka a ɗan turmin tangaran, na tankaɗe da wani tsohon mayafina na shifon, don rariyar ɗakin gwajin idonta ya yi faɗi.

Ga awon da na zauna a kai bayan na ɓata da yawa: garin girafait, irin baƙin cikin fensir, giram 0.60, garin ɓawo 0.10, ferosin 0.05; man farafin 0.25. Ferosin gari ne ruwan goro mai ƙamshi kamar na kafur. Busassun ake fara haɗawa, sannan mai, ɗigo-ɗigo, a yi ta murzawa minti ashirin har ya koma kamar man goge takalmi. In ɓawo ya yi yawa, lantarki ya ƙi wucewa kuma kwaɓin ya ƙi kama jikinsa. In mai ya yi yawa, ya lulluɓe inzayim ɗin ruwa ya kasa kai masa. Na samo sirinjin insulin na yanke bakinsa, na danna kwaɓin ciki da kyau don kada iska ta maƙale, na zura wayar tagulla ta baya, na goga bakin a kan takarda mai santsi har ya yi sheƙi. Daɗin wannan sandar shi ne in fuskarta ta gaji sai a tura kaɗan, a yanke, a goge, sabuwa ta fito.

Yadda take aiki, da lissafin bashi na fahimce shi, haka kuma na bayyana wa mahaifiyata da ta tambayi abin da ke hana ni dawowa gida da wuri. Ƙwayar haidirojin in ta iso wurin faroksidas, ilektiron biyu, wato ƙwayoyin lantarki, take karɓa daga gare shi ta koma ruwa. Shi kuma ya zauna da giɓi, ba zai iya karɓar wata ba sai an mayar masa. Ƙarfen nasa a binne yake can cikin jikinsa, hannunsa ba ya kai wa ga girafait cikin sauƙi. Nan ferosin ke shigowa a matsayin dillali: ya kai masa ilektiron ɗaya, ya sake kai ɗaya, shi kuma ferosin ya karɓi nasa daga girafait. Na'urar da ake kira fotenshiyostat tana zaune a bayan girafait tana biya tana rubutawa. Yawan abin da ta biya a daƙiƙa shi ke nuna yawan haidirojin. Ribar bi ta hannun dillali ita ce ana aikin a kusan bolt sifiri. In da a kan falatinam zalla za a ƙona haidirojin ɗin, sai an kai wajen bolt 0.6, a can kuwa bitamin C da su yurik asid duk sai su shigo layi a ƙirga da su.

Mahaifiyata ta ce, "Wato dai dillali ne ke cin ribar." Ban musa ba.

Sanda uku ake tsomawa a bika: tawa, da ta azurfa wadda ake auna ƙarfin lantarki da ita, da wayar falatinam da ke cike zagayen. Ruwan fosfet mililita 10, pH 7, wato ba tsami ba kanwa. Fotenshiyostat ɗin aro ne daga wani sashe, ɗan ƙarami mai jona wa kwamfuta, kuma sai ranar Talata da Alhamis. Ranar farko layin da ya fito a allo bai yi kama da layi ba, kamar kaza ta yi tono. An ɗauke wuta, janareta ke aiki, ga na'urar juya ruwa na ƙara nata. Siginar da nake nema ta 'yan maikiro-amfiya ce, kashi ɗaya cikin miliyan na amfiya, ko waya ce ta yi ƙara a aljihun wani sai ta nuna. Mako biyu muka yi a kan wannan. Na gano in na zare cajar kwamfuta ta koma kan batirinta, rabin hayaniyar ya tafi. Baba ya ciro fankar tsohuwar kwamfuta ya manna mata maganaɗisu, muka ba ta wuta da fawa-bank, ta zama abin juya ruwa. Ni kuma na ɗauko akwatin ƙarfena na makarantar kwana, har da sunana da fenti a jiki, muka sa bika da fanka a ciki, muka ɗaure masa waya zuwa bututun famfo. A littafi kejin Faraday ake kiran wannan. 'Yan ajinmu akwatin amarya suka sa masa.

Ranar wata Alhamis, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, na rufe akwatin na jira minti goma layin ya kwanta. Na ɗaga murfi kaɗan, na ɗiga ɗan mitsitsin haidirojin, maikirolita 20. Layin ya gangara ƙasa, ya tsaya, ya miƙe sak, duka bai kai rabin minti ba. Na sake ɗigawa, ya sake sauka daidai gwargwadon na farko. Na uku, na huɗu, na biyar: matakala ce ke fitowa a allo, kowace taka kamar magini ya auna ta. Na fita baranda da gudu na kira Baba. Ya sa tabarau ya duba, ya ce, "Madalla. Yanzu ki nuna mini ba ƙarya take yi ba."

Gaskiyarsa. Na haɗa sanda biyu na shaida: ɗaya babu ɓawo sam, ɗaya da ɓawon da na tafasa minti ashirin, na kuma gwada shi da guwayakol bayan ya huce, don faroksidas kan ɗan farfaɗo in ba a dafa shi sosai ba. Dukansu ɗan motsi kaɗan suka yi, ba matakala. A daren nan na yi barcin da na daɗe ban yi ba.

Sai kuma lissafi ya ƙi. Na zana jadawalin awo, wato tsayin taka a kan yawan haidirojin da na ɗiga, ya fito a miƙe gwanin kyau. Na sayo haidirojin a kyamis, an rubuta kashi 6 a jikinsa, na surka shi ninki dubbai don ya shigo iyakar da sandar ke iya gani, na auna. Ta ce kusan kashi 10. Na sayo na wani kamfanin, ta sake faɗin abin da ya wuce rubutun. Haidirojin raguwa yake in ya daɗe, ba ya ƙaruwa, kuma ba a san mai kaya da zuba fiye da abin da ya rubuta ba. Na zargi ɓawo, na zargi ferosin, na zargi fifet ɗin da nake ɗigawa da shi, na haɗa sababbin sanduna har huɗu. Baba na kallona kwana uku bai ce uffan ba, sannan ya nuna babbar kwalbar haidirojin da nake ɗiban ma'aunina daga ciki.

"Wa ya gaya miki kashi talatin ne a nan?"

"A jiki aka rubuta, Baba."

"Ranar da aka rubuta, haka ne."

Kwalbar ta yi shekaru a kabad, a ɗakin da ke zama kamar tanda daga Maris zuwa Mayu. Zafi da haske da ƙura duk suna fasa haidirojin a hankali. Mudun da nake awo da shi ne ya tsuke, shi ya sa komai ke fitowa da yawa. Muka koma tsohuwar hanya: famanganet, ruwan nan shunayya, ana ɗiga shi daga dogon bututu mai ma'auni cikin haidirojin da aka sa wa asid. Kowane ɗigo na sauka launinsa ya ɓace, ƙwaya biyu na famanganet na cinye biyar na haidirojin, har a kai ɗigon da zai bar ruwan hoda mai haske ya tsaya rabin minti. Shi kansa famanganet ɗin sai da muka tabbatar da ƙarfinsa da sodiyam okzalet. Abin da ke cikin kwalbar bai kai kashi 20 ba. Da na gyara jadawalin, na kyamis ya dawo kusa da abin da aka rubuta masa. A wannan ranar ce kuma ɗigo ɗaya ya taɓa mini babban yatsa, don na cire safar hannu saboda gumi. Fatar ta yi fari fat, da raɗaɗi kamar an soka allurai, sai bayan sa'o'i ta dawo. Tun daga nan kowace Litinin sai na auna ma'aunina kafin in auna komai da shi.

Sauran halayen sandar da sannu na san su. Matakalar ba ta tafiya har abada: a tawa, kafin kaurin haidirojin ya kai milimola 1 takun ya fara gajarta, don inzayim ɗin ya cika hannu, in kuma aka matsa masa da yawa haidirojin ɗin da yake ci shi ke kashe shi, sai an yanke fuska. Da zafi ya shigo, awon safe da na azahar suka daina daidaita, saboda inzayim ya fi sauri in ɗaki ya ɗumama. Na koma zuwa ƙarfe bakwai in tashi ƙarfe goma, da ma'aunin zafi a tsome a gefe. Ɗigon lemon tsami ɗaya kuwa ya isa ya mayar da layin baya, don bitamin C na biyan bashin da hannunsa kafin na'ura ta biya. Wato duk da bolt sifirin, bai bar ni ba, ta wata ƙofar ya shigo. Na cire lemo daga cikin abin da zan ce sandar na aunawa.

Madara ce ta fi ba ni mamaki. Wata ƙawata da ke da dangi a ruga ta kawo mini ɗanya da sassafe. Na zuba mata haidirojin da na san yawansa, na surka kashi ɗaya da tara na ruwan fosfet saboda maiƙo da furotin kan lulluɓe bakin sanda, na auna. Ya fito ƙasa da abin da na zuba. Bayan minti goma ya ƙara raguwa, bayan awa ɗaya sai ɗan burbushi. Na fara shirin zargin sandar kuma, sai na tuna darasin kwalba. Na tafasa rabin madarar, ta huce, na maimaita: abin da na zuba na nan, bai tafi ko'ina ba. Ashe ita ma ɗanyar madara da nata 'yan gidan, laktofaroksidas da katalas, su ke cinye shi. Wannan halin nata har an mayar da shi hanyar adana ta: tun 1991 hukumar Codex, mai tsara ƙa'idojin abinci ta duniya, ta amince a ƙara wa ɗanyar madara ɗan tayosayanet da ɗan abin da ke sakin haidirojin, a gwargwado ƙayyadadde, a wuraren da babu firji. Abin da wannan ke nufi ga aikina bai yi mini daɗi ba, amma na rubuta shi yadda yake: sandar za ta kama wanda ya zuba da yawa, ko wanda aka gwada madararsa da wuri. Wanda ya zuba kaɗan da asuba ya iso kasuwa da hantsi, shaidar ta riga ta narke.

Shi ya sa nake jin wani iri in na karanta masu cewa irin wannan sanda gobe za ta shiga hannun kowane mai sayen nono. Kwaɓin kam araha ne, abin da ke cikin sirinji ɗaya bai kai kuɗin ƙosai ba. Amma fotenshiyostat daga waje yake zuwa, girafait da ferosin ma haka, ga jadawalin da sai an sabunta. Sandar da na ajiye a firji tana aiki mako biyu ba laifi, zuwa na uku takun ya ragu a fili, wani ɓangare saboda inzayim ya gaji, wani saboda ferosin in ya ba da ilektiron ɗinsa yana narkewa a ruwa, dillali na zarewa kaɗan-kaɗan. Busasshen garin ɓawon ne ya ba ni mamaki: a rufaffiyar kwalba da silika ya yi watanni yana rina guwayakol.

Da garin ya kusa ƙarewa na koma Yankaba wurin mutumin nan, na sayo jan dankali iri ɗaya a ido. Na bi duk matakan, minti 3 a digiri 65, mayafi, turmi, awo ɗaya. Sabuwar sandar ta yi matakala, amma takunta bai kai biyu bisa uku na tsohuwar ba. Na koma washegari.

"Malam, dankalin da ka sayar mini da hunturu, daga ina aka kawo shi?"

"Wanne fa, Hajiya?"

"Ja, mai kaurin ɓawo. Har ka yi mini gyara."

Ya yi dariya. "Ai wannan buhun ya ƙare tun kafin azumi. Na yanzu na fadama ne, wancan na tudu ne, sabon tono. Amma duk zaƙinsu ɗaya."

Na dawo na juye ragowar tsohon garin a kan ma'auni: giram 1.1, kwaɓi goma sha ɗaya in ban zubar da ko ƙwaya ba. Na lissafa gwaje-gwajen da suka rage kafin in rufe babi na huɗu, sun kai tara. Na rubuta wa kwalbar suna da kwanan wata da abin da ke ciki, da alƙalamin da ba ya gogewa, na liƙa salatif a kan rubutun, na kai wa Malam ya tafi da ita gidansa, inda firji ke kan sola.